Tulun Inna a Tudun Tsingaro

Bana ma ruwa ya yi nawa. Shamuwa ta iso tun mako uku da suka wuce, ta gyara sheƙarta a kan tsamiyar masallaci, ta zauna tana kallonmu muna kallonta. Kullum da la'asar gabas takan haɗa fuska, iska ta kawo mana ƙamshin ƙasar wani garin da aka yi wa ruwa, kafin magariba kuma sama ta washe kamar ba ita ba. Maza suna gindin gawo da salula a kunne, wannan yana kiran Mallawa, wancan yana kiran Waca, tambayar ɗaya ce: "Ku an yi muku?"

Ranar Talata na yi wani ɗan aiki a bayan ɗakina. Ina cikin wanke hannu sai ƙamshin ɗanyen yumɓu ya daki hancina, ban san lokacin da na zauna a kan kututture ba. Sai ga ni a shekarar masu tono, ina budurwa ƴar shekara goma sha bakwai, da littafi ɗaure a haɓar zane.

Daminar da ta gabaci wannan shekarar, ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai. Abin da muka kai rumbu bai fitar da mu sanyi ba. Baba ya bi ayarin maza ya tsallaka iyaka cin rani, ya bar Inna da ni da ƙannena uku. Wansa, Baffa Ila, darni ɗaya ne ya raba gidansa da namu, in an yi tari a can muna ji.

Bazara ta shigo da zafin da ban sake ganin irinsa ba. Da asuba mu tafi rijiya ni da Inna, mu tarar layin tuluna ya riga mu. Guga ya daɗe yana tafiya kafin a ji ya taɓa ruwa, in ya fito rabi ruwa ne rabi laka. Da hantsi mu shiga daji ɗibar anza. Ƴaƴanta ɗaci gare su kamar maɗaci, sai an ɓare, an jiƙa, ana sauya ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu, kuma ko sun ciwu ɗacin yana zaune a bayan harshe har ka kwanta. Da azahar babu mai motsi. Rairayi yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, kaji su baje fukafukai su buɗe baki a ƙarƙashin rumbun da babu komai cikinsa. Da yamma Inna ta dafa ganyen jiga ko busasshiyar tafasa, ta barbaɗa garin rogo cikin tafin hannu ɗaya, ta raba kwano biyu. Ita takan ce ta ci a wurin girki. Ban taɓa kama ta tana ci ba.

Ni abin da ya riƙe ni a wannan zafi littafi ne. Faransanci aka koya mana a lakol, amma da haruffan da na samo can na buɗe littattafan soyayya da fatake ke kawowa daga Kano ranar kasuwar Magariya. Akwai guda da ƴar ƙanwar Inna ta bar mini, bangonsa ya daɗe da cirewa, ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba. Labarin wata yarinya ne da saurayinta ya yi tafiya ya daɗe. Na riƙa cin sa da kaɗan-kaɗan kamar alewa, shafi biyu a yini, don kada ya ƙare. Na iso inda take tsaye a tasha, mota ta tsaya, an buɗe ƙofa. Saura takarda uku. Na ce sai gobe, na cusa shi ƙarƙashin tabarma. Washegari na ɗaga tabarma, littafi yana nan, takardu ukun ƙarshe babu. Na doki ƙanena, na zagi akuyar Baffa, na yi kuka har idona ya kumbura. Inna tana shara, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Mutane suna kukan hatsi ke kina kukan takarda." Tun daga ranar, duk inda na zauna, ƙofar motar nan a buɗe take a cikin kaina, ina sauko da wanda nake so.

A tsakiyar bazarar matar Baffa ta haihu. Kwana biyar da haihuwa ya yi sallama gidanmu da ƙwarya a hannu, ya tsaya bakin zaure ya ba mu rabin baya, domin bai saba shigowa gidan ƙanensa ba in mai gidan ba ya nan.

"Hajara, ko tiya ɗaya ta gero. Mai jego nononta bai kawo ba, kunu za a dama mata."

Inna tana durƙushe, kanta a ƙasa. Ta ce, "Yaya, ga rumbu nan, leƙa ka gani."

Bai leƙa ba. Ya ce Allah ya rufa asiri, ya juya. Ranar kasuwar Dungas muka gan shi yana jan akuyarsa ta ƙarshe, tana turjewa.

Gonarmu tana kan wani tudu da ake kira Tudun Tsingaro, saboda duk inda hauya ta shiga sai ta fito da fasasshen kasko. Da su muka yi wasan girki muna yara. Ruwa ɗaya mai ƙarfi da aka yi a farkon waccan daminar ya zaizaye gefen tudun, ya bar ƙasusuwa da duwatsun wuya a fili. Mushe, malamin lakol, ya gani, ya rubuta wa hukuma takarda Yamai, kowa ya manta da maganar. Sai wata Laraba da hantsi ga motoci kat-kat biyu sun tsaya a ƙofar maigari.

Shugabarsu mace ce, gajera, da malafa irin ta makiyaya a kanta, Hausar Damagaram a bakinta. Kowa Madam yake ce mata. Ta ce a ƙarƙashin gonarmu akwai maƙabartar mutanen da suka zauna nan fiye da shekara dubu, tun Musulunci bai iso wannan ƙasa ba, suna so su buɗe su ga yadda suka rayu. Liman ya shafa gemu ya daɗe, sannan ya ce ƴaƴan Adam ne ko ma su wane ne, a taɓa su da mutunci, a mayar musu da ƙasarsu. Madam ta yi alkawari, ta ƙara da cewa kafin ruwan shuka za su cike kowane rami su ba mu gonarmu. Kafin la'asar sun kafa turaku, sun ja farar igiya ta zagaye ƙoƙon tudun. Da yake Baffa ne babba a kan gonakin gidanmu, shi aka ba gadi. Ya kai tabarmarsa da butarsa gindin gawon da ke tsakiyar tudun, dare da rana yana nan.

Washegari muna dawowa daga rijiya Inna ta tsaya, ta sauke tulu, abin da ba ta taɓa yi a hanya ba.

"Ke." Haka take kirana, ni ce ƴar fari, sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. "Kin ga kalgon can da ke cikin igiyarsu? Taku uku gabas da shi, irinmu yana nan."

Ban gane ba sai da ta sake faɗa. Tun da kaka ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɓoye a rufin ɗaki. Da ta ga rumbu ya kai ƙasa, bazara kuma ta shigo, sai ta sussuke su, tiya takwas, ta gauraya da toka, ta zuba a tulun aurenta, ta liƙe baki da yumɓu, ta fita kamar za ta itace, ta binne.

"Na san kaina," in ji ta. "In yana cikin gida, ranar da Auta ya yi kukan yunwa zan dafa shi."

"To mu gaya wa Baffa mana, ya tono mana."

Ta dube ni kamar na zage ta. "In ce masa me? In ce ranar da ya shigo da ƙwarya ina da tiya takwas?"

Ta ɗora tulunta ta yi gaba. Ni na tsaya ina kallon kalgon. In ruwa ya sauka ba mu da iri a hannu, mun rasa shekarar, domin na kasuwa ya fi ƙarfinmu, kuma Baba ya tafi da sanin cewa iri yana wurin Inna. In ruwan ya tarar da tulun a ƙasa, geron zai tsira a ciki ya ruɓe. In kuma masu tono suka riga ruwan, asirin Inna ya tonu a gaban wan mijinta.

Kwana biyu bayan haka Madam ta aiko tana neman matan da suka iya tankaɗe. Na riga kowa zuwa. Inna ma ta sami aikin kai musu ruwa. Aikinmu shi ne duk ƙasar da aka kwaso daga rami mu zuba a babbar rariya mu girgiza, mu tsince abin da ya rage. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Goggo Tabawa, tana girgizawa tana dariya babu haƙora: "Wata uku rabona da tankaɗen gari, yau ga ni ina tankaɗen ƙasa ana ce mini sannu da aiki!" Ladan ba shi da yawa, amma ya sa garin rogon gidanmu ya koma tafi biyu.

Sun yanka tudun gida-gida da zare kamar dara, ba a shiga wani gida sai an gama da na bayansa. Ba su san sauri ba. Da cokalin magina suke kankare ƙasa, in sun kusa ƙashi su koma buroshi, su share shi a hankali kamar ana shafa wa jariri mai. Baffa daga gindin gawo yakan ɗaga murya: "Ku ba ni galma mana, bayin Allah, kafin azahar in fito muku da kakanninku duka!"

Cikin ɗaliban Madam akwai wani dogo mai tabarau, Lawali, fensir kullum a bayan kunnensa. Shi ke zana duk abin da aka buɗe a cikin babban kaye, irin littafin rubutun ƴan lakol. Bazabarme ne, Hausarsa tana tuntuɓe, yakan ce mini Madmazel. Tun ranar farko na san wanda ya sauko daga motar littafina.

Mutanen da kuwa ba kamar namu suke kwance ba. Ba su fuskanci alƙibla ba. Kowanne yana kan gefe, gwiwa a naɗe, hannu a ƙarƙashin kunci, kamar wanda barcin azahar ya ɗauke. A kan wasu an kifa tukunya. Wata tana da mundayen ƙarfe har gwiwar hannu, tsatsa ta haɗe su. A rariyata na tsinci duwatsun wuya ƙanana kamar ƙwayar dawa, jajaye da koraye, in na tofa musu yawu na goge sai su yi ƙyalli kamar jiya aka cire su. Da rana tsaka, in zafi yana rawa a kan rairayi, sai in ga tudun ya cika da bukkoki, mata suna daka, wata mai mundaye tana tafe da tulu tana waiwaye.

A mako na uku aka buɗe wani kabari mai mutum biyu, suna fuskantar juna, goshinsu ya kusa haɗuwa. Na kasa tankaɗe. Kafin la'asar na gama shirya labarinsu: shi ɗan maƙeri, ita ƴar sarki, an hana su, suka sha dafi a ƙwarya ɗaya. Na tattara ƙarfin hali na faɗa wa Lawali yana cikin zane. Ya cire tabarau ya yi dariya har fensirinsa ya faɗi, ni kuma na ɗauki dariyar na ajiye, na yi kwana uku ina juya ta.

Madam da ta ji, ta kira ni ta nuna mini da tsinke. "Dubi muƙamuƙin nan, ƴata. Babu haƙori ko ɗaya, ramukan ma sun shafe. Tsohuwa ce tukuf. Waccan kuma mace ce, ƙugunta ya nuna. Wataƙila ɗiyarta." Sannan ta nuna wata ƴar tukunya da tsohuwar ta rungume a ƙirji. A gindinta akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar gawayi, ba su cika cokali ba. "Gero ne," in ji Madam, muryarta ta sauka. "Irin wanda kuke shukawa." Yadda suka kwashe ƙwayoyin nan ɗaya-ɗaya suka naɗe a auduga, ko zinariya sai haka. Lawali ya ce da za a sami tukunya guda a rufe da hatsinta, da sunan wanda ya samo ta ya shiga littafi. Na waiga na dubi kalgon.

Kullum da safe ina ƙirga gidajen zare da suka rage tsakaninsu da kalgo. Biyar. Huɗu. Sama ma tana nata ƙirgen. Shamuwa ta iso, gawo ya fara zubar da ganye a kan tabarmar Baffa, an fita roƙon ruwa sau biyu. Masu iri suka yi binne a busasshiyar ƙasa suna jira. Baba ya aiko da saƙo ta bakin wani direba: yana tafe, in ruwa ya riga shi kada a jira shi, a shuka. Sau uku ina zuwa wurin Lawali da niyyar in gaya masa a ɓoye. In ya ɗago tabarau ya ce, "Madmazel?" sai in ji bakina yana tambayarsa wai da gaske ne a Yamai kogi ya ratsa tsakiyar gari. Inna kuwa tana kawo ruwa tana juyewa a randa, ba ta taɓa kallon wajen kalgon ba, amma na ga wuyanta yana ƙara tsawo.

Ranar Talata Madam ta tafi Damagaram sayo kaya, ta bar Lawali a kan aiki. Ranar Alhamis da hantsi na ji ya yi ihu da Faransanci. Ban ko juya ba na san mene ne. Ga wuyan tulun Inna ya leƙo daga ƙasa, bakinsa liƙe da yumɓu. Ya yini yana share shi da buroshi. Ya auna, ya zana, ya ɗauki hoto ta kowane gefe. Da aka ɗaga shi ya kara kunne ya jijjiga kaɗan, muka ji shuuu. Ya rubuta masa lamba a kafaɗa da farar tawada, ya ce ba za a buɗe shi a nan ba, gobe in Madam ta dawo za a sa shi a akwati sai Yamai. Baffa ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Ikon Allah. Mutanen da ma irin tulunmu suke yi."

Da yamma na gaya wa Inna. Tana tsince tafasa, ta ci gaba da tsincewa. Can ta ce, "Na ji." Daren nan ba ta ce ta ci a wurin girki ba, ta manta.

Jumma'a ta waye da nauyi. Iska ta tsaya cik, gumi yana bin baya tun kafin rana ta ɗaga, gabas ta yi baƙi daga ƙasa kamar gindin tukunya. Rabin gari ya hau tudu ganin tulun shekara dubu. Madam ta sauko daga mota, Lawali ya tare ta yana magana da sauri. Ba tulun ta fara dubawa ba. Ramin da aka ciro shi ta shiga, ta tsuguna, ta shafa bangonsa da yatsa, ta daɗe. Ta fito ta ƙwanƙwasa tulun, ta kankari yumɓun da farce ta sansana. Sannan ta juyo ta dubi layin mata.

"Yumɓun nan bai ga damina ba. Wa ke da tulu?"

Mata suka dubi juna. Inna tana bakin randa da guga a hannu. Lawali ya fara gardama da Faransanci, kunnuwansa sun yi ja. Madam ta ce to, a buɗe a gani, in babu mai shi su tafi da shi. Ta sa bakin wuƙa ta zagaye, ta ɗaga yumɓun ɗungurungum kamar faifai. A ƙarƙashinsa, an shimfiɗa wani abu don kada laka ta taɓa hatsi. Ta ɗauko da yatsa biyu, ta kaɗe toka, ta miƙa wa Lawali.

"Karanta mana rubutun mutanen da."

Ya gyara tabarau. Da Hausarsa mai tuntuɓe ya karanta: "Ƙofar mota ta buɗe, zuciyarta tana bugawa kamar ganga. Ta ce a ranta, ya Allah ka sa shi ne, ko da ya manta da ni in dai gan shi."

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Rariya ta faɗi daga hannuna. "Littafina ne! Wallahi ƙarshen littafina ne!"

Tudun ya fashe da dariya. Goggo Tabawa ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Wani ya ce ashe mutanen da ma suna soyayya da boko. Sai dariyar ta fara mutuwa daga gefe, domin kowa ya san gida ɗaya ne a garin ake karanta irin wannan littafi, kuma kowa ya ga abin da ke cikin tulun. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya yi.

Inna ta ajiye guga. Ta tako a hankali har gaban Baffa, ta durƙusa a kan rairayin nan mai zafi.

"Nawa ne, Yaya."

Baffa bai dube ta ba. Ya je ya tsoma hannu cikin tulun, ya ɗebo, ya hure tokar. Geron ya fito fari tas, manyan ƙwayoyi, irin wanda idanunmu suka manta. Ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Tiya nawa?"

"Takwas."

"Ranar da na shigo da ƙwarya yana nan?"

"Yana nan."

Ina jin kukan shamuwa daga cikin gari. Baffa ya juya ya dubi gabas ya daɗe.

"Nawa irin tun sanyi muka cinye shi," in ji shi. "Da kin ba ni tiya ɗaya ran nan, da jibi na dawo, da gata na sake dawowa. Na san kaina." Ya kakkaɓe hannu a riga. "Amma akuyata ta tafi, Hajara. Ita ce mai ba yara nono."

Inna ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kare kanta ba. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta karkata tulun ta zuba. Ba ta auna ba, amma ina tsaye, na ga tsibin da ke kan mayafin ya fi abin da ya rage a tulu. Ta haɗa bakin mayafin ta ɗaure ta tura gabansa. Ya daɗe yana kallon ƙullin kafin ya sunkuya ya ɗauka.

Wani daga baya ya ce shi dai ba zai shuka irin da ya kwana da matattu ba. Goggo Tabawa ta ce, "Kai tafi can. Tuwon da ya yi maka wannan ƙaton kan, a kan wa ya tsiro?"

Kafin mu sauka, Madam ta kama hannun Inna ta kai ta kabarin tsohuwar nan mai ƴar tukunya a ƙirji, ta gaya mata abin da aka samu a ciki. Inna ta tsaya tana kallo, kanta babu mayafi, tulu a kafaɗa. Ta ce, "Allah sarki. Ita ba ta samu ta tono nata ba."

Ruwa ya sauko ranar Lahadi da azahar. Iska ta fara zuwa ta kwashe tantin masu tono ta kai shi gonar maigari, sannan ɗigo manya-manya masu ɗumi, kowanne yana tayar da ƴar ƙura inda ya faɗi, sannan sama ta buɗe gaba ɗaya. Muka tsaya a tsakar gida da baki a buɗe. Ƙamshin ƙasar ya shiga har cikin haƙora. Da ya tsagaita maigari ya sa aka yi gayya, maza suka hau tudu suka taya masu tono mayar da ƙasa, liman yana tsaye yana cewa a hankali, a hankali. An ɗauki tukwane da duwatsu da ɗan abin da za a auna, sauran aka bar su yadda aka same su, hannu a ƙarƙashin kunci.

Litinin da asuba, Baba bai iso ba, sai muka ji sallama. Baffa ne da sungumi a kafaɗa. Ya wuce gaba, muka bi shi. Gonarmu ya fara. Yana tafe yana sara, mu muna biye da ƙorai, mu jefa ƙwaya mu rufe da diddige, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Sai da muka gama tamu muka koma tasa.

Masu tono sun tafi ranar Laraba. Lawali ya zo har inda nake ya miƙo mini takarduna, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Madmazel, ga kayan tarihinki." Biyu ne. Ta ukun ta manne a jikin yumɓu, da na ɓamɓaro ta sai rubutun ya zauna a laka. Na karanta biyun a bayan rumbu. Fasinjoji suka sauko ɗaya bayan ɗaya, babu shi, sai wani abokinsa da wasiƙa a hannu. Ta karɓa, ta buɗe. Abin da ke cikin wasiƙar yana takarda ta uku. Na yi shekaru ina ba masu sayar da littafi labarin a kasuwar Magariya, kowa ya ce ba tare da suna ba ina zai gane, irinsa ɗari ne. Na kuma yi shekara biyu duk kat-kat da ta tayar da ƙura a hanyar Dungas sai na fito ƙofa.

Geron ya yi. Inda aka cike ramukan ya fi ko'ina tsawo, gida-gida, daga nesa kana iya ƙirga su. Da kaka muka tashi wata safiya muka tarar da dami guda jingine a ƙofar ɗakin Inna, irin ɗaurin Baffa. Ba ta tambaya ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Yanzu akwai kanti a garin da taliya da shinkafa, wanda ke da ɗa a waje ana turo masa ta salula, tudun ma gwamnati ta kafa masa allo da rubutun da rana ta cinye. Amma rumbuna bana ya kusa ƙasa, mai gidana yana ƙetare, kuma ina da ƴar auta mai kukan da ba na iya jurewa. Tulun yana wurina tun rasuwar Inna, lambar Lawali tana nan a kafaɗarsa, farin ya koma ruwan ƙasa. Ranar Talata na cika shi, na gauraya da toka, na kwaɓa yumɓu, sai na tsaya ina neman abin da zan shimfiɗa a baki.

Babbar ɗiyata tana kolej. Ita ba karantawa kawai take ba, rubutawa take, a cikin wani kaye mai shuɗin bango da take ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Tun jiya take birkice ɗaki. Ɗazu ta fito da kayen a hannu, idonta ya yi ja.

"Inna, ba ki ga takardun ƙarshen labarina ba? Guda uku. Saura kaɗan su haɗu fa!"

Ina shara, ban ɗago ba. Na ce ta tambayi akuya. Na dai lura da kyau wannan karon, farar takarda na sa a sama wajen yumɓu, nata ukun suna ƙasa a kan gero. Gabas ta fara haɗa fuska, iskar kuma yau da sanyi-sanyi take zuwa.